Mu ma mun taya Yaya ƙarya

Na fi wata uku ina son rubuta wannan maganar ina fasawa, sai na ɗau waya na fara, in na kai tsakiya sai na goge. Abinda yasa yau na daure shine shi da kansa ne yace in rubuta, sharaɗinsa ɗaya kawai, kar in faɗi sunansa kar in faɗi sunan garinmu. To bazan faɗa ba. Ƙauye ne dai a Jigawa, gero da riɗi muke nomawa, kowa ya san kakan kowa, in akuyarka ta haihu da hantsi kafin la'asar an zo maka barka daga ɗaya unguwar.

Yayana ne ciki ɗaya, shine ɗan farin Inna, ko sunansa bata faɗa sai dai tace "yayanku". Shekara da shekaru yana zuwa cirani Legas yana acaɓa, damina ta faɗi ya dawo a yi noma, kaka ta yi ya koma. Shi ya biya min kuɗin jarabawar gama sakandare, shi ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano, kuma ina so duk mai karanta wannan ya riƙe hakan a ransa kafin ya ji sauran. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, aka shiga kamen babura ba ji ba gani, sai ya sayar da nasa ya tattaro ya dawo gida gabaɗaya. Mu murna ma muka yi, muka ce Baba ya samu mai kama masa gona.

Ashe ba shi kaɗai ya dawo ba. Sai daga baya can ya bani labarin yadda abin ya soma. A tashar da suke tsayawa akwai mata masu sayar da saiwoyi da sassaƙe jiƙe a kwalba, in ka wuni ruwa na dukanka bayanka na ciwo sai abokan sana'a su ce sha ɗan kofi ɗaya, maganin basir ne, maganin sanyi ne. Ruwan da aka jiƙa saiwar da shi kuwa ogogoro ne tsagwaro, giyar gargajiyar nan ta kudu mai ƙarfi. Yace min wallahi ya fi shekara yana sha bai taɓa kiran abin giya ba ko a cikin zuciyarsa, magani yake ce masa. Daga nan ya koma ta leda, 'yar ƙaramar nan da ake sawa a aljihu ba mai gani, irin wadda hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta sanar da haramtawa a farkon 2024. Ni a ganina ƙaryar farko kenan, tun kafin ya yi wa wani mahaluki ƙarya sai da ya fara canja wa abin suna don kansa ya yarda.

Yanzu ka ɗauko wannan mutumin ka ajiye shi a ƙauyenmu. Mu nan babu gidan giya, tun 2000 ake shari'ar Musulunci a Jigawa da Kano, ga Hisbah, kuma ko ba Hisbah idon gari ma ya ishe ka. A garin da ake sayar da giya a bakin titi mutum zai iya shekara yana sha kafin ya buƙaci ɓoyewa, amma a wajenmu kurɓa ɗaya ma bata yiwuwa sai da ƙarya a gabanta da bayanta. Ina zaka, sai ka yi ƙarya. Me kayi da kuɗin, sai ka yi ƙarya. Me yasa idonka yayi ja, me yasa bamu ganka a asuba ba, wane wari ne wannan. Ranar kasuwa yake fita yace zai je duba farashin riɗi, ya sayo ta da yawa ya ɓoye a cikin tarin karan dawa da ke bayan gida da cikin wani tsohon rumbu da aka daina zuba komai. Bakinsa kullum da kanumfari ko namijin goro ko Tom Tom, har Inna tana yabonsa wai yayanku ya iya tsaftar baki. Har yau in naji warin kanumfari gabana faɗuwa yake.

Damunar 2022 kowa a Jigawa ya san ambaliyar da aka yi, mu ma ta ci mana gefen gona. To wannan ambaliyar ta zame masa mafaka. Riɗin da aka samu shi ya kai kasuwa, ya dawo yace buhu ɗaya ya jiƙe 'yan kasuwa sun karya masa farashi. Tunkiyar Inna ta ɓata yace ai ɓarayi sun yi yawa tunda aka shiga yunwa. Kuɗin da Baba ya bashi ya biya bashin taki yace ya biya, bayan wata biyu mai takin yazo ƙofar gida yana sallama. Kuma fa in yana faɗa baya ko ƙifta ido, wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa, in kuna so a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Mutumin da a da ko wasa bana jin ya rantse. Har na lura da wani abu, duk ranar da rantsuwa ta yi yawa to ranar babu gaskiya ko ƙwaya ɗaya a maganar.

Wanda ya fi ci min rai shine na kuɗin adashi. Matarsa ta kwashi adashi naira 40,000 ta ƙulle a ƙasan akwati tana son sayen 'yar akuya da kayan ƙuli, aka wayi gari babu. Yaya yace shi ya ga almajirin da ke mana ɗiban ruwa ya fito daga ɗakin jiya da yamma. Yaro ne da bai wuce shekara 11 ba. Ni na je na kamo shi daga tsangaya, ni na riƙe hannunsa ana tambayarsa, aka dake shi a gidanmu aka koma aka dake shi a makaranta, yana kuka yana cewa wallahi ban ɗauka ba Yaya, wallahi ban shiga ba. Ni ma Yaya yake ce min. Shi kuma wanda ya ɗauka yana tsaye jikin katanga yana kallo. Wannan abin bana jin zai bar zuciyata har in mutu, kuma ban rubuta don a ce min ba komai ba, da komai.

A lokacin ban sani ba, wannan gaskiya ne. Amma ba a yi wata ɗaya ba na sani, don na je ɗebo kara zan gyara danga ledoji suka zubo min a ƙafa, sun fi 30. Na shinshina ɗaya na zauna a ƙasa. To daga wannan ranar duk abinda ya biyo baya da hannuna a ciki.

Na gaya wa Inna, ta yi shiru ta daɗe sannan tace kar Babanku ya ji, kar kowa ya ji, ka san ana maganar auren ƙanwarku. Kuma gaskiyarta ne ta wani ɓangaren, a ƙauye in aka ce gidan su wance akwai mashayi to masu neman aure sai su ja baya, ba ruwansu da cewa yarinyar ko warin abin bata sani ba. Shikenan muka buɗe sabon shafi. In ya kwanta rana tsaka kamar gawa aka yi sallama da shi, matarsa ta aiko yaro yace baya nan. Liman ya tambaye ni ina yayanka kwana biyu bana ganinsa a sahu, nace taifot ke damunsa Malam, har ya yi masa addu'a a masallaci mutane suka ce amin ina tsaye. Da ya faɗi a hanyar gona aka kwaso shi a kura, muka ce ulsa ce ta tashi. Gwaggo tazo ta dube shi tace wannan sammu ne aka yi masa a kudu don an ga yana samu, Inna ta karɓi maganar hannu bibbiyu duk da ta san abinda na nuna mata, don sammu ya fi sauƙin ɗauka a zuciyar uwa, laifin na wani ne can ba na ɗanta ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka sayar da kaji.

Mu muna kiran abin rufin asiri. Kuma rufin asiri abu ne mai kyau, addini ya yi umarni da shi, ba a ce ka hau kan katanga kana shelar laifin ɗan'uwanka ba. Amma abinda muke yi ya wuce nan, mu muke biyan bashin da ya ci, mu muke ƙirƙiro masa ciwo, mu muke share duk wata ƙaya da zata soke shi ya farka. Shi yana ƙarya don ya sha, mu muna ƙarya don kar aji kunya, ƙaryar tamu ita ke ba tasa wurin kwana.

Azumin 2023 ne ya fasa ƙwan. Ashe ya yi niyya a ransa cewa daga ranar 1 ga wata ya daina, bai gaya wa kowa ba, don in zai faɗa sai ya fara amsa cewa yana sha. Ranar farko hannunsa na rawa ko kofin kunu ya kasa riƙewa, yace yunwa ce. Rana ta biyu gumi kamar an watsa masa ruwa, amai, babu barci. Daren na uku ya fara ihu wai kunamu na saukowa daga jikin bango, yana kakkaɓe jikinsa yana kiran sunayen mutanen da suka mutu, can kuma ya sandare ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Gida ya cika, kowa na cewa aljanu ne, wasu na cewa ai an ɗaure shaiɗanu a azumi wannan sai dai sihiri. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa aiki a kyamis shi ya dage sai an kai shi asibiti, muka samu mota cikin dare, lokacin ma ana wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira sai da ƙyar aka haɗa na mai.

A asibiti ma'aikacin ya tambaya a gaban kowa, yana shan wani abu? Baba yace subhanallahi, ɗana ko sigari baya sha. Baba da gaskiyarsa ya faɗa. Ni kuma da na sani na sunkuyar da kai nayi shiru. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, ya dube ni ya dube ni, sai yace Malam zo ka rakani in rubuta maka magani. Muna fita baranda yace min, ni ba ɗan Hisbah bane ba kuma alƙali bane, in ka ɓoye min zan yi ta maganin abinda ba shi ke damunsa ba, kuma wannan yanayin yana kisa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nan na faɗa masa komai ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Shi ya fara min bayani, sauran na bi na karanta a intanet daga baya. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum in ya yanke ta lokaci ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki ke farawa, wani ya yi jijjiga, wajen kwana 2 zuwa 3 kuma wasu kan shiga ruɗewa da gane-gane, kuma in ba a kula da su a asibiti ba ana iya rasa su. Don Allah wanda ke da irin wannan a gida ya riƙe wannan, kar a kulle mutum a ɗaki a ce ya daina ta ƙarfi, a kai shi wajen likita kuma a faɗa wa likitan gaskiya. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba yana nufin mutum ya haukace ba.

Wani abu da ya sa na sassauta masa a zuciyata shine da na gane ba duk abinda na kira ƙarya bane ƙarya. In giya ta yi yawa a jini ƙwaƙwalwa tana daina ajiye abinda ke faruwa, mutum yana tafiya yana magana har ya yi faɗa amma da safe babu komai a kansa, kamar wayar da aka yi ta ɗaukar hoto babu memori a ciki. Sau nawa matarsa zata ce jiya ka zage ni ka zagi iyayena ya rantse bai yi ba, mu muna ganin rainin hankali ne. Akwai ma wanda ya fi wannan, masu shan shekara da shekaru basa cin abinci sosai sai jikinsu ya rasa sinadarin bitamin B1, ƙwaƙwalwa ta taɓu, mutum ya riƙa cike gurbin abinda ya manta da labarin da bai faru ba kuma shi har ga Allah ya yarda da shi. Wani likitan Rasha mai suna Korsakoff ne ya yi bayanin ciwon tun wajen 1887 shi yasa ake kiransa da sunansa. Yaya bai kai nan ba alhamdulillahi, amma allurar bitamin ɗin na cikin abinda aka fara yi masa. Sai dai kar a fahimce ni a karkace, maganar almajiri ba mantuwa bace, yana sane ya ƙulla ta, shi ma bai taɓa cewa ba haka bane.

Da aka sallamo mu Baba ya riga ya ji. Kwana 3 bai yi wa kowa magana ba. Baffa kuwa cewa ya yi a nemi gidan mari a kai shi a sa masa sasari, ko ya manta yadda aka bankaɗo irin gidajen nan a Kaduna da Daura a 2019 aka fito da mutane da tabon sarƙa a ƙafa har gwamnatin Kano ta rufe nata. Wani ya ce a tsine masa kawai a huta. Ina zaune ina jinsu sai na fahimci dalilin da yasa Yaya ya gwammace ya mutu a ɗaki da ya buɗe baki. In gaskiya zata jawo maka sarƙa da tsinuwa da korar matarka, ƙarya kuma ta baka kwana ɗaya na lafiya, to wallahi mutum mai rauni ƙarya zai ɗauka kullum. Mu muka sa wa gaskiya tsadar da ba zai iya saye ba, sannan muna mamakin baya faɗarta.

Liman ne ya kashe wutar, wanda na yi wa ƙaryar taifot. Na je na same shi bayan isha'i nace Malam na yi maka ƙarya, ga abinda ke nan. Bai nuna min komai ba. Washegari yazo zauren Baba ya kawo hadisin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, yace mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ya kawo ɗayan da aka ce kar ku zama masu taimakon Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ya tuna musu ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, sai da aya ta sauka a Baƙara, ta sauka a Nisa'i, sannan ta Ma'ida ta yanke. Yace haramun ce babu ko tantama, amma wanda ya faɗa rijiya igiya ake jefa masa. Baba ya share hawaye da bakin rawaninsa, ban taɓa ganin haka ba.

Akwai wata ƙungiya ta masu fama da shan giya da aka kafa a Amurka a 1935, Alcoholics Anonymous, wasu mutum biyu da su kansu mashaya ne suka fara ta. Suna da matakai 12, da na karanta sai naga kusan rabinsu maganar gaskiya ce, na farko ka amsa cewa abin ya fi ƙarfinka, can gaba ka zauna ka lissafa laifukanka ka faɗa wa wani mutum, sannan ka bi waɗanda ka cuta ka gyara. Na karanta wa Yaya sai yace ai wannan sharuɗɗan tuba ne da muka koya a makarantar dare, nadama, dainawa, niyyar ba zaka koma ba, da mayar da haƙƙin mutane. Nace to ai kuwa.

Mu a nan in ana maganar shaye-shaye sai a ce ƙwaya, wiwi, sholisho, kodin da gwamnati ta hana a 2018. Giya kuwa sai mu ce ba matsalarmu bace ta mutanen Sabon Gari ce. Shi kansa Yaya da wannan yake lallashin kansa, yace ni ai ba ɗan ƙwaya bane, ina sallah, ina noma, duk ranar da naga dama zan ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya tace giya na kashe mutum kusan miliyan 2.6 a shekara, kuma ni dai tun da abin nan ya faru mutum uku ne daga ƙauyukan kusa da mu suka same ni a ɓoye suna tambayar wane asibiti muka je, kowanne yace wai wani abokinsa ne.

Abinda muka canja a gida ba mai yawa bane amma da wuya. Na daina yi masa ƙarya a wajen kowa, in an tambaye ni abinda bana son faɗa sai nace ku tambaye shi. Kuɗi baya kwana a hannunsa, shi ya nemi hakan, in an sayar da amfani Baba ke riƙewa, kasuwa kuma tare muke zuwa. Na daina yi masa tambayar da na san amsarta, don in na ji wari nace ka sha? to ni na buɗe masa ƙofar rantsuwa. Kuma na yi masa alkawari duk ranar da ya zame in ya faɗa min da bakinsa babu zagi babu taron dangi, asibiti kawai zamu koma.

Ya zame kuwa, sau biyu. Na farko ya ɓoye sai da matarsa ta gano, muka yi sati bama magana. Na biyu bayan babbar sallar bara, wajen ƙarfe 2 na dare naji ana ƙwanƙwasa min ƙofa a hankali, na buɗe na ganshi tsugune, yace ƙanena na sha, guda huɗu, ga sauran. Ya miƙo min ledojin. Raina ya ɓaci sosai amma wani ɓangare na zuciyata sanyi ya yi, don rabon da Yaya ya faɗa min abu in yarda ba tare da na je na bincika ba har na manta. Har yanzu matarsa bata gama yarda da shi ba, in yace zai je gona sai ta leƙa ta ga hanyar da ya bi, kuma bana ganin laifinta ko kaɗan, shi ma yace ta yi ta leƙawa har ranar da zata gaji.

Ya biya ta kuɗin adashinta da riɗin bana. Ya je ya samu mai taki. Ya durƙusa gaban Inna kan tunkiya tace ta yafe tun kafin ya rufe baki. Saura yaron. Mun je tsangayar tare, aka ce malaminsu ya tashi da ɗalibansa tun bayan waccan kakar, wasu sun ce gabas suka yi wasu sun ce sun tsallaka Nijar. Yaya ya tsaya gaban dattawan unguwar ya faɗa da bakinsa cewa yaron bai ɗau komai ba, shi ya ɗauka. Ya ɗinka masa riga da wando ya sa a leda da 'yan kuɗi a aljihun, suna rataye a ɗakinsa, kullum ina ce masa yaron fa ya girma yanzu kayan ba zasu shige shi ba. Makon jiya wani mai sayar da dabbobi yace mana kamar ya ga malamin a Maigatari. Ranar Alhamis in Allah ya kaimu zamu je kasuwar mu tambaya, ni ma ina da tawa gafarar da zan nema, don ni na riƙe masa hannu.